Kada Mu Tafa Wa Jak Bawa

  A wannan fitowa za mu ɗan ajiye maganar allurar shanu da tsadar kuɗin mota, mu taɓa wata magana wadda wani zai ce ba ta shafi mai kiwo ba, wato maganar wani fim na talabijin. Muna roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi mu har ƙarshe kafin ya yanke hukunci.

Duk wanda ya saba zama a majalisar samari a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango ya san sunan Jack Bauer, wanda bakinmu ya mayar Jak Bawa. Shi ne jarumin fim ɗin nan mai suna 24, wanda gidan talabijin na Fox a Amurka ya fara nunawa ranar 6 ga Nuwamba 2001, ko wata biyu ba a cika ba da harin 11 ga Satumba. Wani ɗan wasan ƙasar Kanada mai suna Kiefer Sutherland ne ya fito a matsayinsa. An yi zango takwas ana nunawa har zuwa 2010, sa'annan aka ƙara wani gajere a 2014. Kowane zango labarin kwana ɗaya ne tak, an raba shi awa ashirin da huɗu, ga agogo yana bugawa a fuskar talabijin. A shekarun da faifan DVD ke tashe, an sha sayar da shi a bakin titi wajen shataletalen Kwame Nkrumah, mutane suna kwana a kansa. Har yau idan aka ga mutum mai zafin hannu wanda ba ya jiran umarni, sai ka ji an ce ai wane Jak Bawa ne, kuma yabo ake nufi.

To, wane ne shi a cikin labarin? Jami'i ne na wata hukumar yaƙi da ta'addanci a birnin Los Anjalis, hukumar da babu ita a zahiri. Kullum akwai bam ko wata cuta da za ta hallaka dubban mutane nan da 'yan awoyi, kullum kuma akwai mutum ɗaya a hannu wanda ya san inda abin yake. Sai Jak Bawa ya kulle ƙofa, ya ture doka gefe, ya karya yatsa ko ya harbi gwiwa. A zango na biyu ya harbe wani ɗaurarre har lahira a cikin ofis, ya yanke kansa domin ya samu shiga wajen wasu miyagu. A wannan zangon dai ya shirya wasan da ya sa wani wanda ake tuhuma ya ɗauka an kashe ɗansa a gaban idonsa. A zango na biyar ya harbi matar wani a ƙafa domin mijin ya yi magana. Wata ƙungiyar iyaye ta Amurka mai sa ido a kan talabijin ta ƙirga wurare 67 da aka nuna azabtarwa a zango biyar na farko kawai. Mai kallo kuwa yana tafi, domin a ƙarshen rana gari ya tsira.

Ra'ayinmu a nan shi ne, mai kiwo da mai sayar da shanu su ne mutane na ƙarshe da ya kamata su tafa wa irin wannan jarumi. Ga dalilanmu.

Na farko, a cikin fim marubuci ne ya tsara komai. Shi ya ajiye bam ɗin, shi ya zaɓi wanda za a kama, ya kuma riga ya nuna wa mai kallo cewa wannan mutum mugu ne kafin a ɗora masa hannu. Don haka idan ana gana masa azaba zuciyarka ba ta damuwa. Amma jami'in da ya tare motar shanu da tsakar dare a hanyar Tamale zuwa Kumashi ba shi da marubuci. Abin da yake gani kawai doguwar riga da rawani da sanda, da mutumin da bai iya Turanci ko Tuwi sosai ba. Ko a cikin fim ɗin ma, a zango na huɗu, Jak Bawa ya tsinke wayar fitila ya jona wa wani mutum lantarki, daga baya ta bayyana mutumin ba shi da hannu a komai. Labari ya wuce kamar ba a yi ba. A rayuwa ta gaskiya irin wannan mutum yana da mata da 'ya'ya da garke, kuma tabon ba ya gogewa da an kashe talabijin.

Na biyu, su kansu masu sana'ar tambayar fursuna sun ce abin da fim ɗin ke koyarwa ƙarya ne. A watan Nuwamba 2006, Birgediya Janar Patrick Finnegan, shugaban sashen karatu na makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka ta West Point, ya yi tattaki har wurin da ake ɗaukar fim ɗin tare da wasu ƙwararrun masu tambayar fursuna. Ya roƙi masu shirin su rage nuna azabtarwa, domin ɗalibansa suna kallo suna ɗauka haka ake aiki, alhali yana koya musu doka. Duk da haka akwai manyan da fim ɗin ya burge. A 2007, a wani taron alƙalai a birnin Ottawa, alƙalin Kotun Ƙolin Amurka Antonin Scalia ya kare Jak Bawa, yana tambaya ko akwai wanda zai iya hukunta mutumin da ya ceci birni guda. Jama'a ku duba, alƙali sukutum yana kafa hujja da mutumin da babu shi!

Gaskiya ta yi halinta a watan Disamba 2014, lokacin da kwamitin majalisar dattawan Amurka ya fitar da rahotonsa a kan yadda hukumar leƙen asiri ta CIA ta riƙa tsare mutane bayan 2001. Rahoton ya ce azabtarwar ba ta zama hanyar samun sahihin labari ba. Ya ce cikin mutum 119 da aka tsare, aƙalla 26 an tsare su ne bisa kuskure. Akwai kuma labarin wani ɗan ƙasar Libiya, Ibn al-Shaikh al-Libi, wanda aka miƙa shi Masar aka gana masa azaba har ya ce gwamnatin Iraƙi tana horar da 'yan Alƙa'ida. Wannan magana tana cikin hujjojin da Colin Powell ya kai gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Fabrairu 2003 domin a yaƙi Iraƙi. A 2004 mutumin ya janye maganarsa, ya ce ya faɗa ne domin a sassauta masa, amma a lokacin an riga an rusa ƙasa. Mu da muka san dabba mun san wannan tun tuni. Idan ka matsa wa sa da duka zai ruga, amma ba lalle ya nufi inda kake so ba. Mutum ma idan ya ji wuya zai faɗi abin da mai dukan ke son ji, ya kira sunan maƙwabcinsa, maƙwabcin shi ma ya kira na wani.

Na uku, kuma shi ne ya fi damunmu, a wannan yanki namu idan aka ce ɗan ta'adda, fuskar wa ake hangowa? Kada mu yaudari kanmu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Mali da Burkina Faso, kalmar Bafulatani da kalmar ɗan ta'adda sun kusa zama ɗaya a bakin wasu mutane. Ba mu musun cewa akwai Fulani a cikin masu ɗauke da makamai. Amadu Kufa na Masina da marigayi Malam Ibrahim Dikko na yankin Jibo sanannu ne. Amma miliyoyin makiyaya ba su ɗauki komai ba sai sanda da gora, kuma su ne masu iƙirarin jihadin ke ƙwace wa shanu da sunan zakka, su ne kuma soja ke bi da harbi.

Alal misali, a ƙarshen watan Maris 2022 jiragen soja masu saukar ungulu suka sauka a garin Mura da ke tsakiyar Mali ranar kasuwa, lokacin da fatake da makiyaya suka cika gari. Gwamnatin Mali ta ce 'yan ta'adda 203 ta kashe. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a watan Mayu 2023 ya ce aƙalla mutum 500 sojan Mali da baƙin mayaƙa suka kashe cikin kwana biyar, mafi yawansu ba tare da wata shari'a ba. A Nijeriya, ranar 24 ga Janairu 2023, jirgin yaƙi ya jefa bam a kan makiyaya a ƙaramar hukumar Doma ta jihar Nasarawa, suna cikin sauke shanun da suka je suka fanso daga hannun hukuma a Makurdi. Kusan mutum arba'in suka mutu. Ranar 3 ga Disamba na wannan shekara, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, aka rasa aƙalla mutum 85. A duk waɗannan wurare akwai wanda ya ga ba shi da lokacin tsayawa ya tabbatar. Wannan shi ne karatun Jak Bawa idan ya fito daga cikin akwati.

Kada wani ya ce ai wannan can ne, nan Gana lafiya lau. Alhamdu lillahi ƙasarmu ta fi maƙwabta zaman lafiya, muna kuma roƙon Allah Ya ɗore mana. Amma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa, kuma mu ma mun ga hayaƙi. A watan Yuli 2018 'yan sanda suka harbe mutum bakwai 'yan Zangon Asawase na Kumashi a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce bai ga hujjar cewa 'yan fashi ba ne. Aka dakatar da 'yan sanda 21, aka biya kowane iyali sidi 250,000, amma kuɗi ba ya tayar da mamaci. Ranar 7 ga Maris 2023, bayan an kashe wani matashin soja, sojoji suka dira a Ashaiman da asuba, garin da karar shanunmu ta Tulaku take. Aka yi wa mutane bulala, aka sa su birgima cikin taɓo, aka kwashi mutum 184. Bayan 'yan kwanaki 'yan sanda ne, ta hanyar bincike da bin sawu, suka ba da sanarwar kama waɗanda ake tuhuma da kisan. Abin da bulala ta kasa, haƙuri da aiki da hankali suka yi shi.

Mu makiyaya kuwa mun daɗe da sanin wannan salo. Tun 1988 ake kawo farmakin da aka sa wa suna Operation Cow Leg domin korar makiyaya. A yankin Agogo, bayan hukuncin babbar kotun Kumashi na 2012, an sha tura soja da 'yan sanda, musamman a 2016 da 2018, ana harbin shanu a daji. Ba mu ce manoman Agogo ba su da kuka ba. An ci gonaki, an rasa rayuka ta ɓangarorin biyu, kuma duk makiyayin da ya yi ɓarna ko ya zubar da jini ya cancanci hukunci. Amma harsashi bai san saniyar mai laifi da ta marar laifi ba, kuma maimaita farmakin shekara bayan shekara shi kansa shaida ne cewa bai kawo magani ba. Haka kuma a watan Yuli 2023 hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna damuwa a kan ɗaruruwan mutanen Burkina Faso, akasarinsu mata da yara, da aka mayar daga arewacin Gana. Rahotanni sun ce yawancinsu Fulani ne, ita kuwa gwamnati ta ce tantancewa ce saboda tsaro.

Abin baƙin ciki shi ne a mayar da mu baƙi a inda kakanninmu suka sha wahalar kafawa. Unguwar Nima ɗin nan da samari ke kallon fim a cikinta, wani Bafulatani mai fataucin shanu, Malam Amadu Futa, shi ya samu filin a wajajen farkon shekarun 1930 domin ajiye shanu. A tsakiyar Ankara har yau akwai unguwar da ake kira Cow Lane. Naman da ake ci a birnin nan, daga sallar layya har bukin Kirsimeti, ta hannunmu yake biyowa.

Wani zai ce, to ku 'yan ƙungiya, so kuke a naɗe hannu har miyagu su shigo? Ko kusa. Barazanar gaskiya ce. A watan Mayu 2022 an kashe sojan Togo takwas a arewacin ƙasar, tafiyar da ba ta da nisa daga Bawku. Saboda irin haka ne Gana da Benin da Togo da Burkina Faso da Kwaddibuwa suka ƙulla yarjejeniyar tsaro a nan Ankara a 2017, kuma a 2022 gwamnati ta fito da yekuwar nan mai cewa in ka ga wani abu ka faɗa. Muna goyon bayan a tsare ƙasa. Tambayarmu ita ce, wa zai ga wani abun? Mutumin ofis ba ya kwana a daji. Mai kiwo ne ya san sawun babur ɗin da ba na yankin ba, shi ya san wutar da aka hura a inda ba a saba ba, shi yake haɗuwa da baƙuwar fuska a mashaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Amma mutumin da aka taɓa mari a shingen hanya, ko aka harbe masa shanu goma ba a biya ba, yaya za a yi ya kai kansa ofishin 'yan sanda da labari? Tsoro yake ji kada a ce, kai yaya aka yi ka sani, a rufe shi.

Bugu da ƙari, zalunci shi ne takin da ta'addanci ke tsiro a kansa. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi bincike a 2017, ta tambayi ɗaruruwan waɗanda suka taɓa shiga irin waɗannan ƙungiyoyi a Afirka. Kashi 71 cikin 100 suka ce abin da ya ingiza su daga ƙarshe wani aiki ne na hukuma, kamar kashe ko kama ɗan'uwa ko aboki. Ashe duk jami'in da ya kwaikwayi Jak Bawa a kan marar laifi, aikin ɗaukar sababbin mayaƙa yake yi wa maƙiyan ƙasa kyauta.

Dokar ƙasarmu ba ta bar wannan magana a duhu ba, kuma ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya riƙe ta. Tsarin mulkin Gana na 1992 ya ba kowane mutum da ke cikin ƙasar haƙƙinsa, ba tare da duba ƙabila ko addini ko asali ba. Sashe na 14 ya ce wanda aka kama a gaya masa dalili cikin harshen da yake ji, a ba shi damar samun lauya, kuma a kai shi kotu cikin awa 48 in ba a sake shi ba. Sashe na 15 ya hana azabtarwa da wulaƙanci ko da mutum yana tsare. Sashe na 19 ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar ko shi ya amsa. Gana ta kuma amince da yarjejeniyar duniya ta hana azabtarwa a shekarar 2000. Akwai hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta CHRAJ wadda aka kafa a 1993, inda talaka zai kai ƙara. Addininmu ma tun kafin waɗannan takardu ya ɗora wa mai ƙara nauyin kawo hujja, ya kuma hana a kama wani da laifin wani.

Sai dai kuma haƙƙi yana tafiya da nauyi, kuma a nan za mu gaya wa kanmu gaskiya. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Masu bincike sun sha nuna cewa shanun da ake sacewa a Burkina Faso suna tsallako iyaka su shiga kasuwanninmu, kuɗin kuma ya koma ya zama harsashi. Saboda haka muna kira ga dillalai da fatake, daga Paga da Bawku har Techiman da Tulaku, kada kwaɗayin araha ya sa a sayi shanun da ba a san mai su ba. A tambayi asali, a nemi takardar likitan dabbobi da ta fito, a sa shaidu. Mai shigowa da garke daga wata ƙasa ya riƙe takardar ƙetare iyaka wadda ƙungiyar ECOWAS ta tanada tun 1998. Arɗo da sarkin Fulani su san duk wanda ya sauka a rugarsu, su kai sunansa wurin sarkin gari. Idan an ga abin da ba a gane ba, a sanar da shugabannin ƙungiya a tafi tare wurin hukuma, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan kuma an kama wani namu, a rubuta rana da wuri da ofishin da aka kai shi, a kawo mana da wuri, kada a tsaya ana neman wanda za a ba cin hanci.

Ga hukumomin tsaro kuma, muna kira da babbar murya a riƙa zama da shugabannin makiyaya tun kafin rikici, a ɗauki jami'ai masu jin Fulatanci da Hausa, a kare asirin wanda ya kawo labari, a kuma hukunta jami'in da ya wuce gona da iri a bainar jama'a kamar yadda ake hukunta ɓarawon shanu. 'Yan jarida su ma su daina rubuta sunan ƙabila a kan kowane laifi kafin a kama kowa.

Ku kuma samarinmu na Zango, ba mu ce kada ku kalli fim ba, nishaɗi ne. Amma idan kun ga jarumi ya kulle ƙofa ya naɗe hannun riga, ku tambayi kanku, a ƙasar nan wa ya fi kama da wanda ke ɗaure a kan kujerar? Mai yiwuwa kawunka ne da ya taso daga Gushegu da shanu, ko kai kanka ranar da ka manta katin shaidarka a gida. Jarumin da muke bukata shi ne jami'in da ya iya tambaya, ya iya bin sawu, ya kai mai laifi gaban alƙali da hujja, ya bar marar laifi ya koma wurin garkensa da mutuncinsa.

Allah Ya tsare mana ƙasarmu, Ya kare mu daga sharrin 'yan ta'adda da sharrin azzalumai, Ya albarkaci dukiyarmu, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, amin. Wassalamu alaikum, sai fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu.